Lemon kwali da jam: me muke saye, kuma daga ina cutarwar ke zuwa?

A watan Maris na 2021, ana dab da shiga azumi, asibitocin Kano suka fara karɓar mutane masu ciwo iri ɗaya: amai, zazzaɓi, idanu sun koma rawaya, ga fitsarin jini. Da farko an zaci wata annoba ce ta ɓulla. Da aka bi diddigi, sai aka tarar daga abin sha ne. Ma'aikatar lafiya ta jihar ta ce mutum 10 sun rasu, an kwantar da kimanin 400, wasu har ciwon ya taɓa musu ƙoda. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ce gwajinta ya gano wani sinadarin masana'antu mai suna haidroksilamin, wanda aka shigo da shi kasuwa ana sayarwa a matsayin ɗan tsami. Cikin garin lemon da aka kama kuma akwai wanda ba shi da rajista, akwai wanda wa'adinsa ya ƙare.

Bayan wannan musiba mutane da yawa sun yi wa duk wani jus kuɗin goro. Tsoron yana da dalili, amma ya haɗe abubuwan da ya kamata a rarrabe. Abin da ya kashe mutane a Kano ba lemon kwali ba ne da aka rufe a masana'anta. Gari ne da ake auna wa mutum a leda, ba suna, ba kwanan wata, ba wanda za a kama idan an cutu. Lemon kwali da jam na kanti (dafaffen ɗan itace da sukari da ake shafa wa burodi) suna da nasu matsalolin, sai dai na wani salo ne daban, kuma tambayoyi biyu ne a kansu. Ta farko, shin abin zai cutar da wanda ya sha? Ta biyu, shin abin da ke ciki shi ne abin da aka zana a jiki? Kaya yakan tsallake tambayar farko lafiya lau, ya faɗi warwas a ta biyu. A ganina nan ne aka fi cin kuɗin talaka, domin uwa ta sayi ruwan sukari mai kala tana ganin ta ba ɗanta 'ya'yan itace, ganin kitse take yi wa rogo.

A duniya akwai ma'aunin da ƙasashe ke dogara da shi, na hukumar Codex Alimentarius, wadda hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Lafiya ta Duniya suka kafa a 1963. Ƙa'idarta ta ruwan 'ya'yan itace ta 2005 ta raba kayan gida-gida, kuma tunda rubutun jikin kwali da Turanci yake, dole mai saye ya riƙe kalmomi uku. Idan an rubuta "juice", ana nufin ruwan ɗan itacen ne zalla, ko da an taɓa ƙafe shi an sake mayar masa da ruwa. Idan an rubuta "nectar", an tsinka shi da ruwa an ƙara zaƙi, amma akwai iyakar da ba za a sauka ƙasa da ita ba: na mangwaro da gwaba kashi 25 cikin ɗari, na abarba kashi 40, na lemon zaƙi da tuffa kashi 50. Idan kuwa aka rubuta "drink", ko aka ce "flavoured", an fita daga wannan ƙa'ida ke nan. Ɗan itacen da ke ciki zai iya zama kashi 10, ko 5, ko ma ƙamshinsa kawai. A kantunan Maraɗi da Damagaram, inda rubutun Faransanci ne, rabon bai canza ba: "jus", "nectar", "boisson".

Dukansu ukun za ka gan su jere a firji ɗaya, kowanne da hoton mangwaro ja jawur yana ɗigar da raɓa. Hoton ba alƙawari ba ne. Alƙawarin yana bayan kwali, a ƙaramin rubutun nan na jerin kayan haɗi, wanda doka ta ce a jera daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta. Wanda ya ga ruwa a farko, sukari na biye, sannan ɗan itacen a na uku ko na huɗu, ya san abin da zai biya wa kuɗi.

Akwai kuma maganar "from concentrate" da ke ɗaure wa mutane kai. A masana'antar farko ana matse lemo, a ƙafe yawancin ruwansa har ya yi kauri, a zuba a durom a daskarar, a yi jigilarsa. A masana'anta ta biyu sai a mayar masa da ruwan da aka cire, kamar dai madarar gari da aka dama. Wannan ba ha'inci ba ne muddin an mayar da ruwa daidai gwargwado, kuma akwai ma'aunin zaƙi da ake kira Brix wanda da shi ake gane ko an zarce. Abin da ke damuna a nan wani abu ne daban. A farkon shekarun 2000, zamanin Obasanjo, Najeriya ta hana shigo da ruwan 'ya'yan itace a ƙananan mazubai na sayarwa, da nufin a bunƙasa na gida. Masana'antu kuwa sun bunƙasa, amma da yawansu kaurin da aka sarrafa a ƙasashen waje suke shigowa da shi su tsinka a Legas, alhali lemon Binuwai yana ruɓewa a bakin titi lokacin kakarsa, mangwaro kuma yana zubewa a ƙarƙashin bishiya. Kwalin na gida ne, ɗan itacen baƙo.

Kada a ɗauka ha'inci a wannan sana'a halin ƙananan 'yan kasuwa ne kaɗai. A 1987 kamfanin Beech-Nut na Amurka, mai yin abincin jarirai, ya amsa laifi a kotu cewa ya sayar da ruwan sukari mai ɗanɗanon tuffa da sunan ruwan tuffa zalla, aka ci shi tarar dala miliyan 2. A Niyu Zilan kuwa, wasu 'yan mata biyu 'yan makaranta ne a 2004 suka gwada Ribena na kwali a ɗakin gwajin makarantarsu, suka tarar kusan babu bitamin C ɗin da ake tallarsa da shi. A 2007 kotu ta ci kamfanin GlaxoSmithKline mai yin sa tarar sama da dala dubu 200 na kuɗin ƙasar. Babu wanda ya mutu a waɗannan biyun. An dai sayar wa iyaye abin da ba shi ne ba, shekara da shekaru, a ƙasashen da ke da ɗakunan gwaji a ko'ina.

Ta fuskar cutarwa kuma, abin da ya sa lemon kwali ke wata shida ko shekara a kanta ba tare da firji ba, zafi ne da rufi. Ana ɗumama ruwan zuwa kusan digiri 90 na 'yan daƙiƙoƙi don kashe ƙwayoyin cuta, a sanyaya, a ɗura cikin kwalin da shi ma aka tsarkake. Kwalin nan da muke yarwa hawa-hawa ne: takarda, leda, da siririn alminiyam da ke tare haske da iska. Muddin rufin bai samu matsala ba, babu ta inda ƙwayar cuta za ta shiga, shi ya sa wasu kamfanonin ke iya rubuta cewa ba su sa sinadarin hana lalacewa ba, kuma gaskiya suka faɗa.

An daɗe ana zaton tsamin ruwan 'ya'yan itace kaɗai ya isa kashe ƙwayar cuta. A 1996 aka gane ba haka ba ne, lokacin da ruwan tuffa na kamfanin Odwalla, wanda ba a ɗumama ba don ana tallarsa da sunan ɗanye mai lafiya, ya yaɗa ƙwayar E. coli a yammacin Amurka da Kanada. Sama da mutum 60 suka kamu da ciwon, wata yarinya 'yar wata 16 ta rasu. An ci kamfanin tarar dala miliyan ɗaya da rabi, kuma a 2001 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa masu sarrafa jus bin hanyar da za ta rage ƙwayoyin cuta ninki dubu ɗari. Wannan darasi ya shafi kowane shagon da ke markaɗa kankana da abarba a gaban mai saye a garuruwanmu. Ɗanye yana da daɗi kuma bitamin ɗinsa ya fi, amma ba abin da ya tsaya tsakanin mai sha da ƙwayar taifot ko kwalara sai tsabtar ruwan da aka wanke injin da shi, da ƙanƙarar da aka jefa, da hannun mai haɗawa.

Ga kayan masana'anta, yawancin ɓarnar a wurinmu bayan an fito da su take faruwa. Katan-katan na lemo a bayan mota buɗaɗɗiya daga Legas zuwa Kano, a sauke a jibge a ƙofar shago a watan Afrilu, rana na dukansu daga hantsi har la'asar. Wa'adin da aka buga a jiki an lissafa shi ne bisa cewa za a ajiye kayan a wuri mai sanyi da inuwa. Zafi yana cinye bitamin C, yana dusar da kala, yana canza ɗanɗano. Jifa da dannewa kuma suna tsaga gefen kwali ta inda ido ba ya gani. Kwalin da ya kumbura kamar an hura shi, alama ce cewa wani abu mai rai ya shiga yana cin sukarin yana fitar da iska. Ba a ɗanɗana irin wannan, ko da saura wata biyar a wa'adinsa. Haka gwangwanin da ya lotsa a bakin rufi ko ya yi tsatsa. Kwalin da aka riga aka buɗe kuwa kariyarsa ta ƙare: kwana kaɗan ne a firji, kuma firjin da ke kwana ba wuta ba firji ba ne.

Ga kuma masu goge kwanan wata su buga sabo. Wanda ya saba duba kaya yakan gane: wurin da aka goge yana ɗan ƙyalli ko ya yi dishi-dishi, tawadar tana fita idan an murza da yatsa, ko an liƙa ƙaramar takarda a kan ainihin rubutun. Idan katan ya yi arahar da ba ta da dalili ana gobe salla ko ana tsakiyar hidimar biki, a tambayi dalilin. Araha ba ta ado.

Lemukan roba da na leda, waɗanda ba su da irin wancan rufi, galibi da sinadarin benzowet ko sobet ake tsare su. A gwargwadon da doka ta yarda ba su da laifi. Sai dai benzowet idan ya haɗu da bitamin C, ga zafi ga haske, yana iya haifar da ɗan ƙaramin adadin benzin, sinadarin da aka tabbatar yana jawo sankarar jini ga masu yawan mu'amala da shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta gano haka a wasu lemuka wajen 2006, kamfanoni suka sauya haɗinsu. Maganar ta iso Najeriya ta hanyar shari'a. Wani ɗan kasuwa ya kai Fanta da Sprite na Najeriya Ingila a 2007, hukumomin can suka kama kayan saboda benzowet ɗin ya haura nasu ma'aunin. A 2017 Babbar Kotun Legas ta umarci NAFDAC da ta sa a rubuta gargaɗi a jikin lemukan cewa kada a sha su tare da bitamin C. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amsa da cewa kayan ba su wuce iyakar Najeriya ba, wato miligiram 250 a kilo, yayin da ta Ingila 150 ce, kuma ƙasa mai zafi tana buƙatar abin tsarewa fiye da mai sanyi. Hujjar tana da ma'ana. Amma zafin da ya sa muke buƙatar ƙarin sinadarin shi ne kuma ke hanzarta haɗuwar da ake gudu, don haka lemon robar da ya wuni a tire a kan mai talla ya fi cancantar a yi masa tambaya fiye da wanda ke cikin firji.

Akwai kuma dafin da wuta ba ta kashewa. Tuffar da ta fara ruɓewa tana ɗauke da funfunar da ke fitar da wani dafi mai suna patulin. In aka matse ruɓaɓɓu tare da masu kyau, dafin zai bi ruwan, ɗumamawa kuma ba ta kawar da shi. Codex ta sa iyakarsa a maikrogiram 50 a kilo. A watan Oktoban 2021 kamfanin Pioneer Foods na Afirka ta Kudu ya janye wasu rukunan ruwan tuffa na Ceres daga ƙasashen Afirka da dama saboda ya haura wannan iyaka. Ni wannan janyewa ba ta rage mini darajar kamfanin ba. Kayan na da lambar rukuni, an gwada, an gano, an san inda aka kai su. Abin tsoro shi ne wanda ba shi da lambar da za a bi.

Duk wannan bai kai sukari yawan waɗanda yake taɓawa ba, don shi kullum ne kuma a hankali yake aiki. Ruwan lemon zaƙi ko na tuffa, ko da zalla ne ba a ƙara masa komai ba, yana da sukari giram 8 zuwa 11 a kowane mililita 100, kusan daidai da lemon kwalba. Ƙaramin kwali mai mililita 250 zai iya kai giram 25, wato ƙaramin cokali shida. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 na abin da mutum ke samun ƙarfi da shi a rana, kimanin giram 50 ga babba, in da hali ma a tsaya a rabin haka. Kuma ta lissafa sukarin ruwan 'ya'yan itace a ciki. Dalilin a fili yake. Mai shan lemon ɓawo yana haɗiye tuƙarsa, wadda ke jinkirta shigar sukari cikin jini kuma take cika ciki. Kofi guda na jus kuwa ruwan lemo kusan uku ne da aka raba da tuƙarsu, a shanye cikin minti ɗaya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a 2017 kada a ba jaririn da bai shekara ba jus kwata-kwata, ɗan shekara ɗaya zuwa uku kuma kada ya wuce mililita 120 a rana. A kwatanta wannan da jakar ɗan makarantar da ake jefa wa kwali ɗaya ko biyu kowace safiya, da majinyacin ciwon sukari da 'yan dubiya ke jibge wa katan a gefen gado da kyakkyawar niyya. Harajin naira 10 a kan kowace lita da Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa lemukan zaƙi bai kai ya sauya wa kowa ɗabi'a ba.

Lambar NAFDAC da muke dubawa tana da muhimmanci, amma a san iyakarta. Tana nufin hukumar, wadda aka kafa a 1993, ta duba wurin sarrafawa da samfurin kayan ta yi musu rajista. Ba ta nufin kayan 'ya'yan itace ne zalla, ba ta nufin suna ƙara lafiya, ba ta kuma san ranar da suka sha a hanya ba. Masu jabu ma suna buga lamba. Duk da haka, kayan da babu ita, babu adireshin mai yi, babu kwanan wata, ba abin kai wa baki ba ne.

Jam kuma labarinsa ya sha bamban, domin a cikinsa sukari shi ne mai gadi. Ana dafa ɗan itace da sukari har ya kai wajen digiri 105, sukarin ya kai kashi 60 zuwa 65 na nauyin abin. A wannan kauri ruwan da ya rage a ɗaure yake, ƙwayar cuta ba ta samun na sha. Tsami da wani sinadarin da ke cikin ɓawon 'ya'yan itace, pektin, su ke sa shi ya kama jikinsa. Don haka wanda ya yi mamakin zaƙin jam bai san aikinsa ba: babban cokali guda yana da sukari kusan ƙaramin cokali uku. Inda inganci ke bambanta shi ne yawan ɗan itacen. Ƙa'idar Codex ta 2009 ta sa kashi 45 a matakinta na sama, da sassauci ga masu ƙarfin ɗanɗano: mangwaro da zoɓo kashi 35, gwaba da citta kashi 25, tsamiya kashi 10. Jam mai araha yakan cike gurbin ɗan itacen da ruwan gulukos, pektin na saye, kala da ƙamshi. Ana gane shi da ido: ja ne garau kamar gilashi, sumul, ba ƙwaya ba tsoka, kuma sunansa yakan zama na gauraye ba tare da an faɗi kason kowanne ba. Wasu kalolin da ake sawa, irin su tatrazin, Tarayyar Turai tun 2010 ta wajabta a rubuta gargaɗi a kansu game da natsuwar yara.

Jam ba ya yawan sa ciwon ciki. Abokin gabarsa funfuna ce, kuma mu muke kai masa ita: wuƙar da aka shafa bota da ita, ɓurɓushin burodi, jiƙaƙƙen cokali, murfin da aka bari a buɗe a kan tebur. Al'adar kwashe saman da ya yi funfuna a ci na ƙasa ba ta da kyau a abu mai laushi irin wannan, domin saiwoyinta da dafinta suna nutsawa ƙasa da inda ido ke gani. Murfin ƙarfe na sabuwar kwalba kuma ya kamata tsakiyarsa ta kasance a lotse, ya yi ƙara idan an buɗe. Wanda ke motsi sama da ƙasa tun a kanti iska ta riga ta shiga.

Ina da kyakkyawan fata ga matan da suka fara dafa jam ɗin mangwaro, zoɓo, tsamiya da dabino a gida suna sayarwa ta WhatsApp da Instagram. Su ne ke amfani da ɗan itacenmu a lokacin da yake zubewa, kuma nasu sau da yawa ya fi na kanti yawan tsoka. Amma akwai wurare biyu da ake zamewa. Masu saye suna cewa a rage sukari, mai yi ta rage don ta faranta musu, ba tare da sanin ta sallami mai gadin ba. Jam mai ƙarancin sukari na firji ne, na 'yan makonni, kuma wajibi ne a rubuta haka a jikinsa. Na biyu shi ne tsami. Ƙwayar botulizim, wadda dafinta ke shanye jiki har ya tsayar da numfashi, tana girma ne a rufaffen mazubi marar iska idan ma'aunin tsami na pH ya haura 4.6. Zoɓo da tsamiya sun tsira ta wannan fuska. Gwanda, kankana, ayaba, dabino da nunannen mangwaro kuwa tsaminsu kaɗan ne, sai an ƙara musu ruwan lemon tsami gwargwado, kuma harshe ba ya iya auna wannan. Ƙaramin abin auna pH da ma'aunin zafi ba su kai kuɗin buhun sukari ba. Kwalbar da za a sake amfani da ita a tafasa ta, a zuba jam ɗin da zafinsa, a sa sabon murfi, domin tsohon murfin da robar cikinsa ta riga ta lotsa ba ya sake kamawa yadda ya kamata.